Bandin da Illa Bai Goge Ba

Madam Raƙiya ta shekara arba'in da shida a duniya, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwar da ta haife ta ba. Kowa a Tawa ya san dalili, ita ma ta sani. 'Yar fari ce, uwa kuwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Kunya ke nan, haka aka tarar. Ana yaye Raƙiya aka ɗora ta a bayan kakarta Talle, uwar babanta, sai ƙauyen Kalfu. Can ta girma tana kiran kakar Inna, uwar kuwa in an haɗu a wurin suna ko biki sai ta ce mata Yaya, kamar yadda aka koya mata.

Ba wai Raƙiya ba ta fahimci al'adar ba ne. Ita ce daraktar wata lakwal, wato makarantar firamare, a bayan kasuwar dabbobi, ta sha tsayawa gaban allo tana yi wa yara bayanin alkunya da muryar wadda abin bai dama ba. Sai dai ta san yadda sauran iyaye mata ke yi wa al'adar ha'inci. Wata ta laƙaba wa ɗan farinta wani suna na daban ta riƙa kira, wata ta tura masa tsokar nama ta hannun ƙanensa, wata ta bari sai ba kowa ta shafa kansa. Ummul Kulsum, uwar Raƙiya, ba ta taɓa yin ha'inci ko na ƙwayar gero ba. Ta riƙe kunyarta kamar yadda ake riƙe azumi. Shi ya sa tun tana yarinya wata tambaya ta zauna wa Raƙiya a ƙirji ta ƙi tashi: shin akwai wani abu a bayan wannan kunya, ko kuwa babu komai, kunyar ce kawai ta zo ta yi wa rashin so sutura?

Tun bayan girbin bara ɓarin jikin tsohuwar na hagu ya shanye. Raƙiya ce ke zuwa da sassafe kafin lakwal ta yi mata wanka, ta juya ta, ta dama mata fura, ta dawo da la'asar ta sake. Tsohuwar kuwa, ko da hannun Raƙiya na kan bayanta, sai ta juya ga autarta ta ce, "Maryam, ce ma mutuniyar Kalhu ruwan ya yi zahi." In Maryam ta fita, sai ta gaya wa bango, ko buta, ko kazar da ta leƙo ɗakin. Maryam dariya take yi, ina ruwan auta, ita da aka kira sunanta har ya gaji. Raƙiya ma takan yi murmushi ta sirka ruwan. Amma a watan nan likita ya rage magunguna ya ce a yawaita addu'a, ita kuwa ba yarinya ba ce balle a fassara mata. Tsoronta ɗaya ne, kada a ɗauki tsohuwar nan a kai ta makwancinta da amsar a cikinta.

Ran wata Laraba, da yake ba a komawa lakwal da yamma, tana cikin kulle biro, wato ofishinta, sai ga kabu-kabu ya sauke Malam Illa a bakin ƙofa. Illa aminin marigayi babanta Muktari ne. A zamanin ƙuruciyarsu shi ne mai ɗaukar magana na ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Fitilar Adar, wadda Muktari ya shugabanta. Shi ke saɓa akwatin ɗaukar murya a kafaɗa, ya ɗauki wasa, ya aika Yamai a sa a rediyo. Yanzu ya tsufa, kunne ɗaya ya tafi hutu, amma bakin yana nan da sauransa.

"Ɗiyar Muktari, taho ki raba mu gardama da wata yarinya," ya ce, ko gaisuwar bai ƙarasa ba.

"Baba Illa, kai da wa kuma?"

"Ni da mai injuna. Kwana ukku muna abu guda. Ita ta iya boko, ni kau na riga ta ganin rana. Biyo ni."

Ya koma bayan kabu-kabunsa, ita kuma ta tayar da nata babur ta bi su.

Mai injunan ita ce Aminata, ɗiyar Aghali na Afala, wadda ta yi karatun adana kayan tarihi ta dawo gida. Shekara biyu ke nan tana bin gidajen tsofaffi a Tawa da ƙauyuka tana roƙon abin da gara da zafi suka rage: tsofaffin kaset, hotunan 'yan wasa, takardun tallar silima ta da, da bandi, wato siririn zaren nan mai ruwan ƙasa da ake naɗewa a faifai, wanda a kansa ake ɗaukar murya a wancan zamani. Duk ta juye su cikin kwamfuta. An ba ta ɗaki guda a gidan al'adu, ta jera alluna na gilashi a jikin bango. Mutum zai sa abin sauraro a kunne, ya taɓa hoto da yatsa, sai mutanen da aka binne tuni su kama magana. Saura mako biyu a buɗe wa jama'a.

A allo na uku Raƙiya ta ga babanta. Yana tsakiyar wasu mutum tara, da wando mai faɗin ƙafa da suma kamar ba a ƙirƙiro aska ba. Can gefe, kamar wadda aka jawo da ƙyar, wata siririyar mace ta rufe rabin fuskarta da mayafi. Raƙiya ta san uwarta ta ɗan taɓa wasan a lokacin, tunda mijinta ne shugaba, amma a gidansu ba a zancen.

"Madam, sannu da zuwa," in ji Aminata, tana miƙa mata abin sauraro. "Wanga shi na wasan da anka sa a rediyo cikin bazarar 1984. Wata mace ta ɓadda ɗiyarta ran kasuwar Lahadi. Mamanku ta uwar."

Raƙiya ta sa a kunne. Sai ga kasuwa ta cika mata kai, da ciniki da rantsuwa da kukan dabbobi. Illa ya matso yana bayani da ƙarfi irin na mai kunne ɗaya, wai duk kasuwar nan mutum shida ne da ƙwarya biyu da akuyar aro. Can sai wata murya ta keto, siririya, mai kaifi, "Balkisa! Jama'a, wa yag ga Balkisa?" Raƙiya ba ta taɓa sanin uwarta na da irin wannan murya ba. Ta ji daɗi, har ta yi 'yar dariya. Bayan daɗin kuma sai wani abu ya biyo, wanda ta ji kunyarsa: kishi. Mace mai jikoki biyu tana kishin wata Balkisa da ko haifar ta ba a yi ba. Ta cire abin daga kunne tana yi wa kanta faɗa a zuci.

"Ta iya, wallahi," ta ce. "To, ina gardamar?"

Aminata ta ce watan jiya Baba Illa ya zo mata da wani bandi a cikin gwangwanin biskit, an naɗe shi da tsumma, ya ce ta juye masa don zaren ya fara mannewa. "Wasan guda na, Madam, ɗauka ta hwarko. Na rubuta bisa kai cewa an yi kuskuren suna, shi ya sa anka sake. Amma wanga ya hi wancan nesa ba kusa ba. Ban taɓa jin wasa irinai ba. Ina son in sa shi ga allo kowa shi ji, shi kuma yac ce ko sama da ƙasa za su haɗe."

"Ba nawa na ba, balle in bada," in ji Illa. "Sa mata."

Raƙiya ta mayar da abin a kunne. Kasuwar ce dai, da akuyar aron, da mai tumatir ɗin da ke rantsuwa da kabarin kakansa. Raƙiya na jiran Balkisa. Sai muryar ta keto.

"Raƙiya!"

Ta waiga. Wallahi sai da ta waiga, ta dubi ƙofar ɗakin.

"Raƙiya! Wayyo jama'a, Raƙiya!"

Wannan ba muryar wasa ba ce. Ta farkon a gyare take, ta san inda za ta hau da inda za ta sauka. Wannan kuwa tana karyewa a tsakiya, tana rasa numfashi, tana sake tashi. Kasuwar ta yi tsit na ɗan lokaci, har akuyar. Sannan mai tumatir ya yi gyaran murya ya ce, "Wace Raƙiya, baiwar Allah? Ƙaƙa take?"

"Shekararta shidda," in ji muryar. "Tana da wushirya. In za ta yi dariya sai ta ruhe baki da hannun hagu. Akwai tabon ƙuna ga gwiwarta ta dama, murhu ta hwaɗa ma. Ba ta shan hura in an sa sukari. Tsoron raƙumi gare ta, kada ku bari ta yi wajen raƙuma. Don Allah ku duba mini, ita ɗai gare ni. Raƙiya!"

Hannun Raƙiya ya sauka kan gwiwarta ta dama ba tare da ta aike shi ba. Tabon yana nan a ƙarƙashin zane. Har yau ba ta shan fura da sukari. Matar da ba ta taɓa kallon ta ba, ashe ta haddace ta tun daga haƙori har gwiwa. Aminata ta turo mata kujera, ta zauna.

Illa ya jawo tasa kujerar ya zauna, ya juyo mata da kunnen da ke aiki.

"Bari in gaya miki yadda muke aiki, ɗiyata. Mu ba mu da takarda. Babanki ka tara mu ƙarƙashin icce shi ce, ke kin ɓadda ɗiya sunanta Balkisa, kai mai tumatir na, kai ɗan kamasho na. Shi ke nan. Kowa shi zo da maganar bakinai, wanda yaj ja gaba a bi shi. Bandi kau daga Yamai aka aiko muna, ba shi da yawa. In an yi kuskure sai in maida zare baya in ɗauki sabo bisa tsoho, tsohon ya tahi ke nan. Doka ta."

Ya murza gemunsa.

"Ran da munka yi wanga, da sahe mutum ya zo daga Kalhu yac ce ƙyanda ta kama ki, kuma ta riga ta ɗauki yara ukku a unguwar kakarki. Babanki ya aiki ƙanenai da magani, don shi ma ɗiyar hwari ta gare shi, ba shi iya zabura. Uwarki kau, cikin gidan yawa, gaban dangin miji, ko 'ya jikin nata' ba ta iya tambaya. Ta ƙare aikinta, ta ɗauki mayahi, ta taho wurin wasa, har da gaishe mu da dariya. Ni ban san komi ba sai da na buɗe inji. Da ta kira sunan, babanki ya ɗaga mini hannu in tsaida. Na yi kamar wani abu ya hwaɗa mini ido. Da anka ƙare ba wanda ya dubi wani. Ta ja mayahi ta ruhe huska tac ce, 'Illa, goge.' Nic ce na goge. Na zare shi na sa aljihu, na ɗora sabo anka sake da Balkisa, na rubuta ma Yamai cewa zahi ya ɓata guda. Ƙaryata ke nan ta aiki, guda ɗai, kuma har gobe ban yi nadama ba."

Raƙiya ta cire abin sauraron ta ajiye a cinya. Wanda ya daɗe da yunwa, in aka ajiye masa akushi, yakan fara da zargin tuwon. "Suɓutar baki ta, Baba," ta ce. "Kowa na yi."

"Suɓutar baki sau guda akan yi. Sha ɗaya na ƙidaya, kuma ni aikina ke nan."

"Shekara arba'in yana hannunka, ba ka hwaɗa mini ba?"

"Ciki ba don tuwo ɗai anka yi shi ba. Amma na ji labarin jikin nata, ni ma kuma ga yadda na koma. Nic ce kada in mutu jikoki su ɗauka shara ta su zubar."

Aminata ba ta sake jan gardama ba. Ta koma kan kwamfutarta ta share abin da ta rubuta na kuskuren suna. "Mu ma mutanen Afala muna da tamu kunyar, ta surukai," ta ce, "amma ban san wagga ta kai nan ba. Ka yahe ni, Baba. Madam, in tsohuwa ba ta yarda ba, ba shi hawa allo." Ta karɓi wayar Raƙiya ta juye mata shi a ciki.

Kwana biyu Raƙiya tana yawo da uwarta a cikin jaka. A biro, in yara sun fita hutun hantsi, sai ta tura ƙofa ta kara wayar a kunne, ta saurara, ta share ido, ta fito tana yi wa 'yan aji shida faɗan shara. Da la'asar ta je ta yi wa tsohuwar wanka kamar kullum, tsohuwar ta gaya wa buta cewa sabulun nan ya cika ƙamshi. Raƙiya na cuɗa bayan nan da ya zama fata da ƙashi tana tunani. Waccan mai kiran, yarinya ce 'yar shekara ashirin da 'yan kai, tsoro ya kwance mata baki rana ɗaya, kuma ita da kanta ta ce a goge. Wannan da ke kwance fa? Tana nan a kan maganar, ko ta goge ta a zuciya tuntuni? Hanyar sani ɗaya ce, a kunna mata. Amma kunna mata kamar kwance mata zane ne a kasuwa, kuma in ta juya kai ta ce ba ta san zancen ba, Raƙiya ta san wannan karon ba za ta iya sirka shi da murmushi ba.

Ran Juma'a ta kasa daurewa, ta jawo Maryam bayan ɗakin girki ta ba ta wayar. Maryam ta saurara baki buɗe. Da ya ƙare ta fashe da kuka, sannan ta fyace hanci ta ce, "Lallai Inna! Ni da nike ganin ni ɗai ta 'yar gata, ashe ragowa anka ba ni." Ta riƙe wayar gam. "Gobe ni za ni kunna mata. Ke ba ki iyawa, Madam, ke ma kunyar ta cinye ki. Duk ku biyun jirgi guda ya kwaso ku."

Ran Asabar da hantsi, bayan an yi wa tsohuwar wanka an shafa mata mai, Raƙiya ta fito ta zauna a kujera 'yar tsugunno a gefen ƙofar ɗakin, inda ba a hango ta daga gado. Ta ɗora faifan zogale a cinya tana tsinkewa, don hannu ya sami abin yi. Tana jin Maryam a ciki.

"Inna, an buɗe wani ɗaki gidan al'adu, an tara wasannin da. Har da naku na Hitilar Adar."

"Shirme," in ji tsohuwar. "Wa ka son jin wannan yanzu?"

"Bari ki ji wani."

Kasuwar Lahadi ta cika ɗakin. Mai tumatir ya yi rantsuwarsa, tsohuwar ta yi 'yar dariya ta ce, "Idrisa ke nan, Allah shi jiƙanai, ko ga wasa ƙarya yake." Raƙiya ta daina tsinkar zogale. Sai kiran ya zo, ya fito ta ƙofa, ya bi tsakar gida. Ya sake zuwa. Aka yi wushirya, aka yi tabon ƙuna, aka yi raƙuma. Daga gadon ba motsi. Har wasan ya ƙare, wayar ta yi shiru, kaji suka ci gaba da tonon ƙasa. Raƙiya ta fara shirin tashi ta koma ɗakin girki kafin a ce wani abu da ba za ta iya ɗauka ba.

"Illa ɗan banza," in ji tsohuwar a hankali. "Yac ce mini ya goge."

"Bai goge ba, Inna."

"Na ji ai. Ba kunnena ya shanye ba."

Da tsohuwar ta ci gaba, muryarta ta fi ƙarfin abin da ake bukata don a yi magana da wadda ke zaune a bakin gado. Maryam ma ta lura, ta ɗan matsa gefe don kada ta tare hanyar ƙofa.

"Ke Maryam, ba ki san komi ba. Wanshekare na ce ma mutanen gida za ni barkar haihuwa. Na shiga motar 'yan kasuwa har Kalhu. Ban shiga gidan ba, da wane ido za ni shiga gidan uwar miji in ce na zo duba ɗiya? Na zagaya ta baya, na tsaya jikin danga kamar mai neman akuya. Rana ta take, ina tsaye. Ba ni jin komi. Nic ce shi ke nan, an riga an kai ta. Can sai na ji tari daga ɗaki, ɗan ƙarami. Sai na ji an ce, 'Ba ni so, da ɗaci.' Nic ce alhamdu lillahi, mai gardamar magani ba ta mutuwa yau. Na juyo. Mota ta riga ta tahi, da ƙahwa na dawo Tawa. Ƙahwahuna duk sunka hwashe, na ce ma mutane kaushi na."

Hawaye na zuba a kan zogalen, Raƙiya ba ta ko share ba. Daɗi ne ya cika ta, irin wanda ke zuwa da ciwo, ga kuma tausayin yarinyar nan da ta tsaya a rana jikin danga, wadda da kaɗan ta wuce rabin shekarun Raƙiya na yau.

"Ko babanku bai sani ba," in ji tsohuwar. "Ke ma ba ki ji ba."

"Ban ji ba, Inna. Amma mai ɗakin, Aminata, tana tambaya ko a sa shi ga allo mutane su ji. Tac ce sai kin yarda."

"Su sa. Waccan mai ihun yarinya ta, ba ta da hankali. Ina ruwana da ita." Ta yi tari, Maryam ta ba ta ruwa. "Kawo salular nan in gani. Ina aka taɓawa ta yi magana?"

Maryam ta nuna mata.

"A'a, ba ni son Idrisa da tumatirinai. Kai shi daidai wurin."

Maryam ta ja ɗan layin baya da yatsa har daidai wurin, ta ɗora wayar a kan katifa kusa da hannun dama, wanda ke motsi.

"To. Tahi ki duba tukunya, ina jin ƙauri."

Babu tukunya a kan wuta. Maryam ta fito, ta wuce yayarta, ta shige ɗakin girki ta tura ƙyaure.

Raƙiya na zaune. Ta ji gadon ya yi ƙara, ta ji numfashin tsohuwar yana fita da ƙyar kamar mai ɗaga kaya. An ɗauki lokaci, don yatsan da ya saba da tsinken tsefe da carbi bai san gilashi ba. Har ta fara zaton tsohuwar ta fasa. Sai muryar ta fito daga ɗakin, siririya, tana karyewa a tsakiya.

"Raƙiya!"

Faifan ya zame daga cinyarta, zogalen ya watse a ƙasa. Kiran ya sake zuwa.

"Na'am, Yaya," ta ce.

Ta tashi ta ɗaga labule ta shiga. Tsohuwar ta juya fuskarta ga bango, ta ja gefen zane ta rufe rabinta, kafaɗarta ta dama tana rawa. Wayar na ta neman yarinya a kasuwa. Da hannun nan guda mai motsi ta lalubo bakin katifa ta ɗan bubbuga, wurin zama. Raƙiya ta zauna. Hannun ya bi zanenta a hankali har ya sami gwiwar, ya tsaya.

Tsohuwar ba ta gaya wa bango ba, ba ta gaya wa buta ba.

"Kin daɗe ba ki amsa ba," ta ce.